Jijiyar wuya ta masu gardama da ta likitoci

Wani mai karatu daga Damagaram ya ji labarin na'urar da ake dasa wa masu farfaɗiya a jijiyar wuya. Yana tambaya ko ita ce jijiyar da muke nufi idan muka ce wane ya ta da jijiyar wuya.

Malam, ba ita ba ce. Kalmar jijiya a Hausa tana da faɗi: hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka ma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Wadda ke kumbura a wuyan mai gardama ta jini ce, shi ya sa ido ke ganinta. Wadda likitoci ke nema kuwa ta saƙo ce, tana can ciki, ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya, huhu da hanji. Sukan naɗa mata bakin wata siririyar waya mai lanƙwasa, galibi a ɓangaren hagu, domin ta dama ta fi taɓa bugun zuciya. Wayar tana haɗe da ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, wanda yakan aika lantarki na daƙiƙa 30, ya huta minti 5. Amurka ta amince da wannan magani a 1997. Yana rage yawan faɗuwa ga wasu, amma muryar mutum takan dusashe lokacin da na'urar ke aiki. Ina roƙon 'yan jarida su riƙa cewa jijiyar saƙo, domin mara lafiya da ya ji jijiya kawai zai ɗauka jininsa za a taɓa, ya tsorata.

Wata baiwar Allah daga Zariya kuma ta tambaya ko "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta dace da masu ƙirƙirar irin wannan waya.

Hajiya, sau da yawa ta dace. Takardar haƙƙin ƙirƙira tana hana kowa ƙera abin ba izini har shekara 20 daga ranar da aka nemi rajista. Sunan injiniya ne ke kan takardar, amma mallakar takan koma ga kamfani ko jami'ar da yake wa aiki. Sai dai kamfanin ma yakan kashe dukiya wajen gwaji kafin a yarda a sa wayar a jikin mutum, don haka wannan gardin shi ma yana shan nasa bugun.