Shin ana bai wa sabon ɗan wasa lambar rigar tsohon gwarzo a hokin ƙanƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kanada, kuma tun ina gida ƙwallon ƙafa na sani. Da na zo nan abokan karatuna suka ja ni kallon hokin ƙanƙara. Ranar da na fara shiga filin wasa na ga tutoci suna reto daga rufi, kowace da lamba da suna. Kwanan baya kuma gardama ta kaure tsakanin abokaina biyu saboda an bai wa wani sabon yaro lambar tsohon ɗan wasan da suke ƙauna. Ɗaya ya ce rashin kunya ne, ɗaya ya ce ai lamba ce kawai. Mu a Manchester United mun ga lamba 7 ta bi hannu-hannu, daga Cantona zuwa Beckham zuwa Ronaldo, babu wanda ya ce uffan. Shin a hoki doka ce ta hana, ko al'ada ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Doka a nan ba ta da yawa, al'ada ce ta ɗauki kaso mafi tsoka, kuma a wajen al'adar ne ake samun rigimar da ka gani.

A gasar NHL, wadda ta haɗa ƙungiyoyi 32 na Kanada da Amurka, ɗan wasa yana da damar ɗaukar lamba daga 1 zuwa 98. Lamba ɗaya tak aka haramta wa kowa da kowa, ita ce 99 ta Wayne Gretzky, shahararren gwarzon wasan. Ya yi ritaya a 1999, sannan a watan Fabrairun 2000, a wasan taurari da aka yi a Toronto, hukumar gasar ta janye lambar daga dukkan ƙungiyoyi. Bayan wannan, kowace ƙungiya ita ke da iko da lambobinta. Tutocin da ka gani a rufi su ne lambobin da ƙungiyar ta jingine, wato ta ce ba za ta ƙara bai wa kowa ba. Hukuncin kuma bai wuce ƙofar gidanta ba. Lamba 4 ta Bobby Orr ce a Boston, ta Jean Béliveau ce a Montreal, amma a ƙungiyar da ba ta jingine ta ba wani yaro zai saka ta gobe da safe, babu laifi. Ɗan wasan da ya tafi ba tare da an ɗaga masa tuta ba kuwa, a ƙa'ida lambarsa ta koma hannun mai kula da kayan wasa, ya ba wanda ya nema.

Da farko ma lamba ba ta da wannan nauyi. Zamanin da ake tafiya wasa a jirgin ƙasa, da lambar riga ake raba gadajen kwana a tarago: mai ƙaramar lamba ya samu gadon ƙasa, mai babbar lamba ya hau na sama. Gordie Howe ya fara wasa a Detroit a 1946 da lamba 17, kuma abin da ya ja hankalinsa ga 9 da aka yi masa tayinta shi ne gadon ƙasa. Daga baya wannan 9 ɗin ta zama abin da kowane yaro a Kanada yake mafarki. Gretzky da kansa ita ya nema a ƙungiyar matasa ta Sault Ste. Marie a 1977, ya tarar wani yana sanye da ita, kocinsa ya ba shi shawarar ya haɗa tara biyu. Ka ga ita kanta 99 ɗin da aka haramta wa kowa, asalinta kwaikwayon lambar wani ne.

Jingine lamba ya samo asali ne daga wani mummunan hatsari. A watan Disambar 1933, a filin Boston, Eddie Shore ya bangaje Ace Bailey na Toronto ta baya, Bailey ya faɗi kansa ya daki ƙanƙara, ƙoƙon kansa ya tsage. Ya yi kwanaki rai a hannun Allah. Ya rayu, amma bai ƙara buga wasa ba. Ranar 14 ga Fabrairun 1934 aka shirya wasan tara masa kuɗi a Toronto, shi da Shore suka yi musabaha a gaban jama'a, ƙungiyar ta ce babu mai ƙara saka lamba 6. Wannan shi ne karo na farko a NHL. Abin da ya fi taɓa ni a labarin kuwa ya zo ne bayan shekara 34. Bailey yana aiki a filin ƙungiyar Toronto, Maple Leaf Gardens, a matsayin mai kula da agogon wasa, yana kallon wani matashi mai suna Ron Ellis, salon wasansa ya kwanta masa a rai. A 1968 shi da bakinsa ya roƙi a cire lambar daga ajiya a bai wa Ellis. Ellis ya ajiye 8 ɗinsa ya saka 6 har ya yi ritaya a 1981, sannan aka mayar da ita. Tun a karon farko ke nan an nuna cewa mai lamba yana iya yin kyauta da ita.

Inda ƙura take tashi shi ne lambobin da ba a ɗaga musu tuta ba, amma kowa a gidan ya san ba a taɓa su. Babu takarda, babu sanarwa. Mai kula da kaya ne kawai zai ce wa sabon zuwa ya zaɓi wata. Pelle Lindbergh, mai tsaron ragar Philadelphia ɗan ƙasar Suwidin, ya rasu a hatsarin mota a Nuwambar 1985 yana ɗan shekara 26, watanni kaɗan bayan an zaɓe shi gwarzon masu tsaron raga na gasar. Har yau ba a ƙara bai wa kowa 31 a ƙungiyar ba. A Detroit, kwana shida bayan sun ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 1997, motar da ke ɗauke da Vladimir Konstantinov ta yi hatsari, ya samu raunin ƙwaƙwalwa da ya nakasa shi. Lambarsa 16 tana nan a ajiye. Wannan ya yi kama da abin da muke yi a gida: a raɗa wa jariri sunan kakansa, amma a riƙa kiransa Abba ko Baffa, domin bakin mutanen gidan ba zai iya furta sunan gatsau ba. Babu wanda ya rubuta dokar, amma wanda ya karya ta zai gani a fuskokin mutane.

An karya ta a Vancouver. Wayne Maki yana cikin 'yan wasan da suka fara buga wa ƙungiyar a 1970, da lamba 11. Cutar dajin ƙwaƙwalwa ta kama shi, ya rasu a 1974 yana da shekara 29, ya bar mata da ƙananan yara. Ƙungiyar ta ajiye lambar ba tare da biki ba, aka shafe fiye da shekara ashirin a haka. A 1997 suka ɗauko Mark Messier, wanda ya ci Kofin Stanley sau shida, kuma da 11 aka san shi a Edmonton da New York. Aka miƙa masa ita, iyalan Maki suka fito fili suka nuna ɓacin ransu. Messier ya yi kaka uku, ƙungiyar ba ta kai zagayen neman kofi ko sau ɗaya ba, kuma har gobe magoya bayan Vancouver in suna lissafa abin da ya ɓata musu rai a zamaninsa sai sun ambaci wannan riga. A ganina babban laifin na shugabannin ƙungiya ne. Su ne suka san alkawarin da ke kan lambar, su ya kamata su zauna da matar mamacin tun kafin a ɗinka suna a bayan riga. Da an yi mata sallama an nemi yardarta, ta yiwu da labarin ya sha bamban.

Kada kuma a haɗa wannan da abin da ya faru da Josh Ho-Sang, domin nan kam ina bayan yaron. A 2017 ya fara buga wa New York Islanders da lamba 66, wadda duniya ta sani da Mario Lemieux na Pittsburgh. Aka yi masa ca, da ya je wasa Pittsburgh 'yan kallo suka riƙa yi masa ihu duk lokacin da ya taɓa faifan wasa. Alhali Pittsburgh ce kaɗai ta jingine 66, hukumar gasa ba ta hana ta ba, Lemieux bai taɓa buga wa Islanders ba, yaron kuma ya bayyana cewa don girmama shi ya ɗauke ta. Da aka tambayi Lemieux ya ce shi ba shi da matsala da hakan. Mai abu ya yafe, 'yan kallo suka ɗauki dumi. Idan za a hana kowa lambar duk wani gwarzo a ko'ina, to da an hana Gretzky sha'awar 9 tun yana yaro, da kuma Bobby Hull bai saka ta a Chicago ba alhali Howe yana sanye da ita a Detroit, Maurice Richard kuma ya riga ya yi suna da ita a Montreal.

Ƙungiya in ta yi ƙaura zuwa wani gari, galibi takan bar tutocinta a baya. Da Quebec Nordiques ta koma Colorado a 1995 an dawo da lambobin da ta jingine, har Paul Stastny ya saka 26 ta mahaifinsa Peter. Da Hartford ta koma Carolina a 1997 an dawo da 2 da 19, amma 9 ta Howe, wanda ya ƙare wasansa a Hartford, ba su bai wa kowa ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda mai riƙe da lamba yake sakin ta don tsoho. Wanda ya fi kowa iya wannan shi ne Ray Bourque. Phil Esposito ya yi suna da 7 a Boston kafin a sayar da shi ga New York Rangers a 1975. Da Bourque ya zo a 1979 yana ɗan shekara 18, sai aka ba shi 7 ɗin, ya kuwa zama ɗaya daga cikin manyan masu tsaron baya a tarihi. Ranar 3 ga Disambar 1987 Boston ta shirya bikin jingine lambar don Esposito, kuma an ɗauka Bourque zai ci gaba da saka ta har ya gama. Ana cikin biki sai ya sulalo kan ƙanƙara zuwa gaban Esposito, ya kama wuyan rigarsa ya zare ta ta kai, ya miƙa masa. Ashe akwai wata riga a ciki. Ya juya baya, jama'a suka ga 77. Esposito ya tsaya da riga a hannu ya rasa ta cewa, fili ya ɗauki tafi. Da 77 Bourque ya ƙarasa wasansa, kuma yau Boston da Colorado duka sun jingine ta da sunansa. Irin wannan ya faru a Boston ɗin dai lokacin da aka yanke shawarar karrama Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga NHL a 1958: Craig Smith ya bar 22 ya koma 12, aka ɗaga tutar a Janairun 2022.

Ni dai ina ganin ƙungiyoyi sun fara wuce gona da iri wajen jingine lambobi. Montreal ta jingine 15 don 'yan wasa 18, kuma daga 1 zuwa 10 babu abin da ya rage sai 6 da 8. Su suna da hujja, kofi 24 suka ci. Amma akwai waɗanda suka jingine lamba don 'yan kallo, kamar 1 a Minnesota da 32 a Seattle, abin da ya fi kama da talla. Toronto ta daɗe tana bin hanyar da ta fi burge ni. Lamba biyu kawai ta rufe, 6 ta Bailey da 5 ta Bill Barilko, wanda ya ci ƙwallon da ta ba su kofi a 1951 sannan ya ɓace a hatsarin jirgin sama bayan watanni huɗu, ba a ga gawarsa ba sai 1962. Sauran gwarzaye ana ɗaga musu tuta, lambar kuma ta ci gaba da yawo a jikin matasa, kamar 7 ɗinku ta Old Trafford. A Oktoban 2016, wajen bikin cika shekara 100, suka sauya, suka rufe dukkansu, har James van Riemsdyk ya bar 21 ta Börje Salming ya koma 25. Na fahimci dalilinsu, tsofaffin da iyalansu sun ji daɗi. Sai dai yaron da zai saka 27 ya san Frank Mahovlich da Darryl Sittler sun saka ta kafin shi ya rasa wani abu da tuta a rufi ba za ta ba shi ba.

Game da abokanka, ka tambaye su yadda tsohon ɗan wasan ya bar ƙungiyar. In lafiya lau ya tafi, ya koma wani kulob ko ya yi ritaya, kuma ba a jingine lambar ba, to sabon yaron bai yi laifi ba, ko da yake 'yan wasa masu tarbiyya sukan ɗaga waya su nemi izini. Haka Evander Kane ya yi a 2011 kafin ya saka 9 a Winnipeg, ya tuntuɓi Bobby Hull tukuna, wanda tsohuwar ƙungiyar garin ta jingine lambar dominsa. In kuwa mutuwa ce ko nakasa ta raba shi da rigar, to abokinka mai cewa rashin kunya ne yana da magana, sai an ji ta bakin iyali. Wani lokaci ma tsohon da kansa yake warware matsalar: a Fabrairun 2020 Islanders ta ɗaga tutar 27 don John Tonelli, shi kuma ya nemi kyaftin ɗinsu Anders Lee ya ci gaba da saka ta, aka yi bikin lambar tana sama tana kuma jikin Lee a kan ƙanƙara.