Amsa: Motsa jiki zai iya maye gurbin maganin ciwon damuwa?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko za ka ajiye ƙwayoyin ciwon damuwa tunda ka ji an ce motsa jiki na warkarwa. A'a, kada ka ajiye su da kanka. Motsa jikin dai yana taimakawa ƙwarai. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ da ke Ingila ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218 a kan mutum sama da 14,000, aka ga tafiya da sassarfa da ɗaga ƙarfe suna rage alamun ciwon, kuma wanda ya fi haɗa gumi ya fi amfana.

Sharaɗin shi ne ka haɗa biyun, maganin da motsa jikin. Ƙanena ya taɓa yanke maganinsa rana ɗaya, kafin mako ya zagayo sai jiri da rashin barci, kansa na fizga kamar wutar lantarki ta ja shi. Sai da likita ya mayar da shi kan maganin, sannan ya riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin watanni. Yanzu bayan sallar asuba yana zagaye filin ƙwallon unguwa na minti 30. Ka fara tafiyar gobe, batun ƙwayar kuma ka kai wa likitanka.