Amsa kan mantuwa da dusashewar tunani ga mai ciwon ɓarin kai

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce kanki na ciwo kusan kwana 20 a wata, ɓari guda, da tashin zuciya da ƙin haske, amma abin da ya fi tayar miki da hankali yanzu mantuwa ce. Kalma ta ɓace miki a tsakiyar magana, ki shiga ɗaki ki rasa abin da ya kawo ki, ki yi ta kokwanton raka'a nawa kika yi. Kina tsoron ko gigin tsufa ne ya fara kama ki tun ba ki kai 40 ba.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da maigiren, wato ciwon ɓarin kai, mai naci. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, na sama da wata 3, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki su zo da alamun ɓarin kai. Masu wannan lalura da yawa suna kukan mantuwa, amma galibi ba ma'ajiyar ƙwaƙwalwa ce ta lalace ba. Maida hankali ne ke raunana, da saurin tunani, da ɗauko kalma a lokacin da ake buƙatarta. Kamar mai ƙirga kuɗi ne a tsakiyar kasuwa ana ta yi masa magana: kuɗin na nan a hannunsa, lissafin ne ke kuɓucewa. Ki lura da abu ɗaya. Idan aka tuna miki abin da kika manta, kina cewa "af, haka ne"? To yana nan a ajiye. A gigin tsufa ko an tuna wa mutum ba ya kamowa, kuma sau da yawa iyalinsa sun fi shi damuwa da abin. An daɗe ana bin dubban ma'aikatan lafiya mata a Amurka ana gwada tunaninsu, ba a ga masu ciwon ɓarin kai sun fi sauran saurin lalacewar ƙwaƙwalwa ba.

Dalilin da ya sa kike jin kamar babu ranar da kanki ke sakayau shi ne ciwon ba lokacin zafin kaɗai ba ne. Kafin ya sauko akwai share fage da kan kai kwana 2: yawan hamma, taurin wuya, kwaɗayin zaƙi, rashin natsuwa. Zafin kansa na ɗaukar awa 4 zuwa 72. Bayan ya lafa kuma akwai gajiya da nauyin kai na kwana 1 ko 2. Ga mai fama da shi sau ɗaya a wata wannan ba matsala ba ce. Ga mai kwana 20, wutsiyar wannan ciwo na haɗuwa da kan na gaba.

Sai maganar magani, kuma a nan na fi zargi. Ba ki faɗi abin da kike sha ba, don haka ki duba kwalinki. Topiramate maganin kariya ne mai aiki sosai, amma ya yi suna wajen sace kalma daga bakin mutum, tare da jin tsikari a yatsu da raguwar cin abinci. Matsalar ta fi faruwa idan an fara da yawa ko an ƙara da gaggawa. Yadda aka saba shi ne miligiram 25 da dare, a riƙa ƙara 25 duk mako har zuwa 100 a rana, wasu ma 50 ya ishe su. Idan mantuwar ta fara ne makonni kaɗan bayan fara shi, ki gaya wa likita ya rage ko ya canza, kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki. Kuma bai dace da mai ciki ko mai neman ciki ba, haka ma valproate, wani maganin kariyar. Amitriptyline kuwa, shi ma maganin kariya ne, yana sa nauyin kai da safe da bushewar baki. Shan sa awa 2 ko 3 kafin kwanciya, a fara da miligiram 10, na rage wannan. Propranolol bai cika taɓa tunani kamar waɗannan ba, sai dai bai dace da mai asma ba.

Babban tarkon shi ne maganin kashe zafi na kemis. Farasitamol, ibuprofen ko asfirin, idan ana shan su kwana 15 ko fiye a wata, su da kansu suna haifar da ciwon kai na kullum. Masu haɗin kafeyin, da ergotamine, da dangin sumatriptan, da tiramol da kodin, kwana 10 kacal ne iyakarsu. Kwanaki ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba: ƙwaya ɗaya kullum ta fi guda uku a rana ɗaya illa ta wannan fuskar. Alamar an faɗa ramin ita ce tashi da ciwon kai da asuba, a sha magani ya lafa, da yamma ya dawo. Fita daga ciki ba daɗi, don idan an daina maganin ciwon yakan ƙaru a makon farko ko na biyu, sannan ya fara sauka cikin kamar wata 2. Tiramol da kodin ba a barin su kwatsam, a hankali ake janyewa a hannun likita, kuma su kaɗai sun isa su dusashe tunani.

Kafin ki koma asibiti ki sami kalanda, ki cika ta na wata ɗaya ko biyu. Kowace rana abu huɗu: ciwo ya zo ko bai zo ba, wane magani kika sha, awa nawa kika yi barci, sai makin tunaninki daga 0 zuwa 3. Ki saka alamar kwanakin al'ada. Idan mantuwar na bin sahun ciwon, tana sauƙi a ranakun da kai ya huta, to maganinta rage kwanakin ciwon. Maganin kariya kuma ba a yanke masa hukunci sai ya yi wata 2 zuwa 3 a adadin da ya dace. Mutane da yawa suna jefar da shi bayan kwana goma su ce ba ya aiki. Inda biyu ko uku suka gaza, akwai allurar Botox da ake yi a wurare 31 na kai da wuya duk mako 12, da sababbin allurai masu toshe CGRP, sinadarin jiki mai hannu a tashin ciwon, waɗanda aka fara amfani da su a 2018, sai dai tsada da wuyar samu.

Ki nemi a gwada miki jini: ƙarancin jini, sinadarin ayon (ƙarfe), bitamin B12, da aikin tayirod (ƙullutun da ke gaban wuya). Ga mace mai yawan zubar jinin al'ada, ƙarancin jini kaɗai na iya kawo kasala da mantuwa. Barci ma a duba shi da gaske, musamman idan ana ce miki kina minshari ko kina tashi kamar ba ki kwanta ba. Damuwa mai nauyi da fargaba suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan ciwo, kuma suna cin maida hankali fiye da yadda ake zato, don haka ki faɗa wa likita idan akwai, ba abin kunya ba ne. Shayi mai kauri, kofi da goro a tsayar da su a ƙa'ida ɗaya kullum, kada a sha bayan la'asar, kuma idan azumi ya gabato a fara ragewa tun makonni kafin ya kama.

A halin yanzu ki sauƙaƙa wa kanki: abu ɗaya a lokaci ɗaya, makulli da waya wurinsu ɗaya, saƙo a rubuta nan take ko a ɗauki murya a waya. Lissafin kuɗi da duk wata shawara mai nauyi ki bar su sai ranar da kai ya washe.

Akwai abin da ba ya jiran kalanda. Ciwon kai da ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba ki taɓa ji ba, mutuwar hannu ko ƙafa ɓari guda, karkacewar baki, sarƙewar magana ko rikicewar gani da ta wuce awa ɗaya, jijjiga irin ta farfaɗiya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, duk waɗannan asibiti ne a take. Haka idan mantuwar na ƙaruwa wata bayan wata ko a ranakun lafiya, ko kin fara ɓata a hanyar da kika sani, a ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Idan kuma kina ganin walƙiya ko zane-zane a ido kafin ciwon ya zo, ki sanar da masu ba ki ƙwayar tazarar haihuwa, domin mai ɗauke da sinadarin istirojin tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga masu irin wannan alama, kuma akwai wasu hanyoyin da za a ba ki a madadinta.