Me ya sa ake ta faɗaɗa tashoshin jiragen ruwa?

Malam, ka tambayi dalilin aikin da ake yi a tashoshin Lome da Kwatano, inda kayanmu na Damagaram suka saba sauka. Manyan jiragen yanzu suna kai tsawon mita 400, suna ɗaukar kwantena sama da 20,000, kuma suna bukatar ruwa mai zurfin kusan mita 16. Saboda haka dole a yashe mashigar kamar yadda ake yashe rijiya, a tsawaita bakin tashar, a kafa turakun ƙarfe masu jure jan igiya idan iska ta taso, a jera manyan robobi don kada jirgi ya daki bango. A ganina yashewar ce ta fi muhimmanci, domin tashar da ba ta da zurfi sai dai ƙananan jirage su kawo mata kaya daga wata tashar, kuɗin dako kuwa ya ƙaru har Kasuwar Dole ta Damagaram.