Amsa ga mai shirin leƙawa Cork: ka fara da kasuwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kwas zai kai ka Dublin, kana da Asabar da Lahadi babu aiki, kana son leƙawa birnin Cork da ke kudancin Ireland amma kana tsoron ka je ka wuni da yunwa saboda batun halal. Shawarata ka je. Na zauna a garin lokacin karatu, kuma abin ci bai taɓa gagara ta ba, sai dai dole bakinka ya saba da tambaya.

Daga tashar Heuston ta Dublin zuwa tashar Kent ta Cork kimanin awa biyu da rabi ne a jirgin ƙasa. Ka sayi tikiti ta intanet da wuri, ya fi araha. Ka shirya yadda za ka isa da hantsin Asabar, domin English Market ba ta ci ran Lahadi, kuma ita ce dalilin zuwan. Rufaffiyar kasuwa ce a tsakiyar gari, tana nan tun 1788. Da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Ireland a 2011 har nan aka kawo ta. Amma kada wannan ya sa ka zaci wurin 'yan yawon buɗe ido ne zalla. Tsofaffin matan gari nan suke cefane, kowa da mahaucinta da mai kifinta, ana ciniki ana gulma.

Ka shiga ta ƙofar Princes Street ka zarce layin masu kifi. Za ka tarar da kifin teku jere a kan ƙanƙara, har da wani mai faɗin baki da muni da suke kira monkfish, wanda idan aka dafa jelarsa ba ka so ta ƙare. Abin da nake saye kullum shi ne burodinsu na gargajiya mai ruwan ƙasa, wanda ba a sa masa yis, da madara mai tsami da soda ake kwaɓa shi. Yana da nauyi a hannu, ɓawonsa da tauri, cikinsa da gardi. Ka shafa masa man shanu da kauri, ka ɗora kyafaffen kifin salmon. Sai dai ka sani ba irin bandar da muka saba da ita ba ce: ba a busar da shi, yana nan da laushi da jan launi, an yanka shi siriri. Loma ta farko za ta yi maka baƙunta, ta uku kuwa za ka nemi ƙari. Akwai wurin cin abinci a saman bene inda za ka zauna da shayin Barry's, wanda kamfanin garin ne, kana kallon hada-hadar ƙasa.

Yanzu ga inda za ka buɗe ido. Abincin da mutanen Cork suka fi tinƙaho da shi, wato tripe da drisheen, tumbi ne da aka dafa a madara da albasa, amma abokin tafiyar tasa, wato drisheen ɗin, da jini ake yin sa. Haka ma black pudding. Karin kumallon da otal za su kira na Ireland cike yake da naman alade, don haka ka ce a ba ka ƙwai da wake da tumatir da burodi, a soya daban. Miyar kifi mai kauri da suke kira chowder tana da daɗi ainun a ranar sanyi, amma wasu na jefa mata alade ko giya. Soyayyen kifi da dankali ma wani wurin da giya ake kwaɓa fulawar, wani wurin da kitsen dabba ake suya. Ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi, sau da yawa ma za su shiga kicin su tabbatar maka. Akwai kuma naman sa da ake jiƙawa da gishiri da kayan ƙamshi, abincinsu na Kirsimeti. Shi matsalarsa yanka ce, wannan kuma na bar ka da malamanka. In nama kake marmari, titin Shandon akwai shagunan 'yan Afirka da na Asiya.

Kuma dama can za ka nufa bayan kasuwa. Ka haye kogin Lee ka hau tudu, za ka hango hasumiyar cocin St Anne, ta 1722, gefe biyu jan dutse gefe biyu fari, da gunkin kifi mai ruwan zinariya a ƙololuwa. Agogunanta huɗu ba su cika yarda da juna ba, mutanen gari har tsokana suke yi da su. Ana hawa a ga gari duka, in ba ka da damuwa da shiga coci. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a unguwar shi ne ƙaramin gidan tarihin man shanu. A unguwar nan kasuwar man shanu ta Cork ta kasance a da, wadda a ƙarni na 19 babu kamarta a duniya. Manoma na ɗoro shi a gangunan katako daga ƙauyuka har na lardin Kerry mai maƙwabtaka, masu dubawa su ɗanɗana su ba shi daraja, a ƙara gishiri, a loda a jirgin ruwa zuwa ƙasashe masu nisa. Da ka ga wannan za ka gane inda arzikin garin ya fito, da abin da ya sa ba sa wasa da mai a kan burodi.

In da sauran ƙarfi, ka taka zuwa jami'ar garin. George Boole, wanda lissafinsa ne ginshiƙin aikin kwamfuta, a nan ya koyar tun daga 1849.

Ran Lahadi kowa zai ce ka tafi tsohuwar fadar Blarney ka sumbaci wani dutse da ke jikin bangonta. Ni ban ga abin bin layi a kwanta rigingine a sumbaci bango ba. Gara ka hau jirgin ƙasa zuwa Cobh, bai kai rabin awa ba, tashar ruwa ta ƙarshe da jirgin Titanic ya tsaya a Afrilun 1912. Ka ɗauki rigar ruwa mai hula, lema ba ta jure iskar can. Ka kuma duba lokutan salla kafin ka fito, domin in lokacin hunturu ne kafin ƙarfe biyar magariba ta yi.