Kiɗan Tunawa da Malaminka: Amsar Kawu

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni daren Talata. Na karanta shi sau biyu, na kuma saurari ɗan kiɗan da ka haɗo da shi. Kafin komai, ya haƙuri? Mutumin da ya zaunar da kai a gidansa shekara shida, duk yammacin Asabar yana gyara maka yatsu a kan tsirkiya, ya ƙi karɓar ko sisinka a watannin da ba ka da aiki, wannan ya wuce malami ya shiga sahun iyaye. Allah ya ba ka haƙuri, ya ba iyalinsa dangana.

Ka ce ɗalibansa za su taru a zauren wata makaranta can jihar Kentaki ta Amurka, wata biyu bayan rasuwar, kowa ya kaɗa abin da ya koya a hannunsa, kuɗin ƙofa kuma a sayi mandolin, abin kiɗa mai tsirkiya da ya koya muku, a raba wa yaran da iyayensu ba su da hali. An sa sunanka. Da ka gaya wa mahaifiyarka sai ta yi salati ta ce, kiɗa a kan mamaci? Shi ne kake tambayata ko al'adarmu ta san irin wannan, ko kuwa in ka hau dandamalin nan ka bar gida ke nan.

Kada ka ga laifin mahaifiyarka. Ƙanwata ce, na san abin da ta hango. Ka tafi kana yaro, wataƙila zaman makoki ya fara shige maka duhu, don haka bari in tuna maka. A wurinmu in mutum ya cika da safe, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Daga nan a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza a waje, mata a ciki. Mai zuwa ya cire takalmi, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce ya haƙuri, ya ɗan zauna shiru ya tashi. Maƙwabta ke ɗora tukunya, don masu rashi ba su da zuciyar girki. Ba a jin ganga a unguwar. Na sha ganin an ɗage biki, ko an ɗaura aure an sallami makaɗa ba su taɓa fata ba, saboda an yi rasuwa gida uku daga nan. Kai, ko Mamman Shata, wanda kalangu ya bi shi fiye da shekara hamsin, da ya rasu a watan Yunin 1999 sallah aka yi masa aka binne shi a Daura kamar kowane Musulmi. To mace da ta tashi cikin wannan, ta ji an haɗa kalmar mutuwa da kalmar kiɗa a jimla ɗaya, dole gabanta ya faɗi.

Sai dai makoki yana da iyaka. Addini ya yanka kwana uku, in ban da matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma. Al'ada ta ƙara sadakar bakwai da ta arba'in, inda ake raba gumba da waina, ko da yake tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 gidaje da yawa sun daina waɗannan tarukan. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, bayan an naɗe tabarmi, me Bahaushe yake yi da sunan wanda ya tafi?

Waƙa yake yi masa. Wannan ba baƙon abu ba ne, ba kuma na jahilai ba ne. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi har wa ƙawarta. Tana lissafa halayensu ɗaya bayan ɗaya don na baya su ji su koya. Da aka kashe Sardauna a Janairun 1966 mawaƙa sun yi ta waƙar ta'aziyyarsa. Na Murtala kuwa da idona na gani, don a Fabrairun 1976 ina sabon ma'aikaci a gidan rediyo. Makonni muka yi masu rubutacciyar waƙa da masu kayan kiɗa suna layi a bakin ƙofa, kowa da abin da ya tsara, wasu suna rerawa murya na rawa. Ba wanda ya ce musu sun yi wa gawa rashin ladabi. Ka kuma san Maukibin Ƙadiriyya a Kano, yadda dubban mutane ke fitowa duk shekara da bandiri don tunawa da Sidi Abdulƙadir, malamin da ya rasu a Bagadaza fiye da shekara ɗari takwas da suka wuce. Akwai malaman da ba su yarda da wannan ba, akwai waɗanda ba su yarda da kiɗan tsirkiya ba gaba ɗaya, wannan saɓani ne da ya girme ni. Amma tambayarka ta al'ada ce, ita nake amsa maka.

Inda na fi so ka tsaya shi ne gidan makaɗa, don yanzu kai ma ɗan gidan ne ko ba ka sani ba. A da yaro ba ya zuwa wurin makaɗi ya ce koya mini a ba shi darasi. Kaya yake fara ɗauka. Ya share zaure, ya bi ubangidansa ƙauye-ƙauye, ya shekara yana amshi kafin a bar shi ya taɓa ƙaramar ganga. In ya ƙware, ubangidan ne zai yaye shi, ya sa masa albarka, wani lokaci ya ba shi abin kiɗa daga nasa. Daga ranar akwai bashi a wuyansa, kuma kowa a sana'ar ya san yadda ake biyansa. Ba ya buɗe wasa bai ambaci wanda ya koya masa ba. In ya samu kyauta ya kai wa ubangidan nasa rabo. In ubangidan ya rasu, da shi za a ɗauki makara, shi zai zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa kamar ɗan cikinsa, kayan kiɗa a rataye, ba mai taɓawa. Bayan an share makoki sai a sauko da su, a ga wanda zai gaje su. Wasan farko da za su fita, da kiɗan marigayin ake farawa, a kira sunansa, a yi masa addu'a, masu sauraro su yi ta share hawaye. Haka gidan Musa Ɗanƙwairo ya yi: shi ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, da ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ɗauka. A wurin makaɗa, babban abin kunya shi ne kiɗan ubangidanka ya mutu kana raye.

Ina faɗa maka wannan da ciwo a raina. Akwai wani tsoho mai goge a unguwarmu ta da, ba ka san shi ba. Shi yake haɗa gogensa da kansa, ƙwarya da fatar guza da izgar doki, kuma yana da wasu take na mutanen da, waɗanda ban taɓa ji a hannun kowa ba. Na yi masa alkawari zan zo da na'ura in ɗauke su. Yau aiki, gobe tafiya, har aka aiko mini ya rasu. Kaset ɗaya da muke da shi na muryarsa a wurin aiki, an ɗora wani shiri a kansa lokacin da kaset ya yi ƙaranci. Yaransa biyu, ɗaya ya koma tuƙin mota, ɗaya ya ji kunyar sana'ar ya bari. Bayan shekaru na shiga zauren na tarar da gogen a rataye inda aka bar shi, fatar ta tsage, tsirkiyar ta zube. An yi masa sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, ba abin da aka rage. Amma har yau in na tuna, sai in ji mun binne shi sau biyu, kuma da hannuna a na biyun.

Saboda haka da na ji abin da ɗaliban malaminka suka shirya, ban ji baƙon abu ba. Su ma suna da nasu tsarin, kuma a ƙasarsu kake. Mandolin ɗin nan asalinta Italiya ne, a birnin Napoli ta samu siffarta wajen shekara ɗari uku da suka wuce, baƙin haure suka yaɗa ta a Amurka. Jihar da kake zaune ita ta haifi Bill Monroe, wanda ya kafa kiɗan da suke kira bulugiras da mandolin a hannunsa. Maraya ne, kawunsa mai goge ya riƙe shi, ya riƙa yawo da shi wuraren rawa yana raka shi da kiɗa, kamar dai yaran makaɗanmu. Kawun ya rasu a 1932. Monroe bai manta ba, a 1950 ya yi masa waƙa yana ambaton sunansa da kiɗe-kiɗen da yake yi, har yau ana rera ta. Shi ma da ya rasu a 1996, makaɗan da suka tashi a hannunsa suka taru suka yi masa bankwana da kiɗa kafin a kai shi garinsu a binne. Ka ga mutanen nan da tsirkiya suke ta'aziyya, kamar yadda mu muke yi da tabarma da shiru. Kuma in ka waiwaya a dandamalin ka ga mai banjo a gefenka, ka sani kakan abin da ke hannunsa daga Afirka ta Yamma ya tafi, bayi suka ƙera shi da duma da fata, dangin gurmi da molo ne.

Na saurari kiɗan da ka aiko har sau uku. Tsirkiya takwas ka ce, biyu-biyu. Na lura sautinta ba ya jimawa, kana taɓawa ya ɗauke, shi ya sa kuke karkaɗa hannu da sauri don ku ja shi ya yi tsawo. Ya tuna mini kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai tsirkiya ɗaya tak. Tun da ya rasu a 2015, sau nawa ka ji an kaɗa kuntigi?

Akwai abin da ba ka rubuta ba amma na ji shi a ƙarƙashin maganarka: malamin naka ba Musulmi ba ne. Ba zan ɓoye maka ba, malamanmu sun karantar da mu cewa ba a nema wa wanda ya rasu a wajen Musulunci gafara. Al'amarinsa yana hannun Ubangijin da ya halicce shi, wanda ya fi mu sanin sa. Amma godiya ba a rufe ƙofarta ba, haka ta'aziyya, haka faɗin alherin mutum. Ya tabbata a hadisi cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Da aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce ashe ba rai ba ne? Ya kuma ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In an zo wani sashe na ibadarsu a taron, ka zauna cikin natsuwa, ba sai ka amsa ba. In akwai giya bayan an tashi, ka san matsayinka. Sauran duk halal ɗinka ne ka tsaya a ciki da zuciya ɗaya.

Don haka ka je, ka kaɗa. Amma ka je a Bahaushenka. Kada ranar taron ta zama ranar da matarsa za ta fara ganinka. Ka je gidan tun yanzu, ka dafa abinci da hannunka ka kai, ka zauna ko ba ka da abin faɗa. Mu mun iya zaman shiru da mai rashi, su kuwa na ji an ce bayan mako guda gida yakan yi tsit, kowa ya koma harkarsa. Ka tambaye ta wane kiɗa ya fi so in yana zaune shi kaɗai. In kana iya shi, shi za ka kaɗa, ko da mai sauƙi ne, ko da akwai wanda ya fi nuna gwanintarka. Ranar ba taka ba ce. Na ga yara a irin wannan taro suna neman tafi, sai ka rasa wa aka zo tunawa.

In ka hau, kafin ka taɓa tsirkiya ka ambaci sunansa cikakke. Ka ce shi ya koya mini, ka faɗi watannin nan da ya ƙi karɓar kuɗinka, a gaban iyalinsa, don watakila su ma ba su sani ba. Ka gaya musu cewa a ƙasarku makaɗi ba ya fara wasa sai ya kira ubangidansa. Kuma ka sa hannu a aljihu ka sayi mandolin ɗaya daga cikin na yaran nan da kuɗinka, ban da na ƙofa. Yaba kyauta tukwici.

Abin da na fi roƙonka yana bayan taron. Ku sa a ɗauki komai a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Ku zauna ku ɗaliban, kowa ya kawo abin da ya riƙe, don na tabbata akwai kiɗan da mutum ɗaya kaɗai ya koya wa, ku rubuta, har da irin maganganun da yake yi in yatsa ya kauce. Sannan cikin yaran da za a raba wa mandolin, ka ɗauki ɗaya. Yammacin Asabar ɗinka ya zama fili yanzu. In iyayensa ba su da abin biya, ka san yadda aka yi maka.

Mahaifiyarka kuwa bar ni da ita. Zan je gidan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in kunna mata kiɗan nan, in gaya mata sai wata biyu sun wuce za a yi, kuma ba a kan kabari ba. Kai dai ka kira ta kafin ranar ka nemi albarkarta da bakinka. In an yi, ka turo mana bidiyon mu kalla tare, kuma ka gaya wa matar malamin naka cewa kawunka a Kano yana yi mata gaisuwar rashi.

Kawunka.