Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ke kwana a ruwan Tiga

'Yar'uwa, kin ce maigida na shiga su da dare a dam ɗin Tiga, wayarsa ba ta shiga, ke kuma sai ki kwana ido biyu. Na san wannan zullumin, don yayana masunci ne a wajen Rano.

Abin da ya fi mana amfani ba waya ba ce. Kafin ya tura kwalekwale, ya faɗa miki bakin gaɓar da zai tashi, ɓangaren da zai zuba koma, da wanda za su tafi tare. Ku tsayar da lokaci: in hantsi ya yi bai dawo ba, kada ki tsaya jiran azahar, ki aika wa sarkin ruwa. Shi da mutanensa suka san lungunan ruwan nan, su ne kuma za su fara fita nema.

Wayar kuwa, ya cika ta da caji, ya ɗaure ta cikin leda biyu ya rataya a wuya. A aljihu ruwa zai cinye ta. Inda kira ba ya shiga, saƙon tes kan samu ya wuce. In babbar waya ce, WhatsApp na iya nuna miki inda yake har awa 8 in ya tura miki wurinsa ta ciki, muddin akwai intanet.

Don Allah ki matsa masa ya sa rigar kariya mai hana nutsewa, ya riƙe usur da tocila. Tun hatsarin jirgin ruwan Bagwai na 2021 ba na yarda yayana ya shiga ruwa babu rigar, ko da ya ce ya iya iyo.

Allah ya dawo miki da shi lafiya.